Wilin Kabon da Kilo Tamanin da Huɗu

Asabar biyu a jere Kyaftin yana zuwa na ƙarshe a hawan tanki da keke, kuma ba wanda ya ce masa uffan. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Da tsiya suka yi masa, da ya san ta inda zai rama. Amma sai su tsaya a ƙarƙashin tankin ruwan da ke ƙwanƙolin tudun, mutum tara cikin matsattsun riguna, suna kurɓar ruwa, suna duban sama kamar an aike su ƙirga gajimare, har ya iso yana haki. A Asabar ta biyun ya sauke ƙafa ɗaya ya ce iskar tayarsa ce ta ragu. Lauya, ɗaya daga cikin taran, ya sunkuya ya matsa tayar da babban yatsa, ya ji ta kamar dutse, ya miƙe ya ce lallai kam, da alama. Ladabin lauya ya fi zagin ɗan tasha ciwo.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shi Kyaftin ne ya kafa wannan ƙungiya ta masu keken tsere a ƙofar kemis ɗinsa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi kuma ya rubuta dokokin a bayan takardar odar magani. Doka ta huɗu ta ce duk wanda ya zo na ƙarshe a hawan tanki sau uku a jere, ya koma ayarin baya. Ayarin baya su ne masu tashi minti goma bayan na gaba: tsofaffi, da masu ciwon gwiwa, da masu tsayawa a hanya su ɗauki hoton saniya. Shi ya laƙaba musu suna 'yan rakiya. Da bakinsa ya sallami mutum shida zuwa cikinsu, kowanne da ɗan jawabin ban kwana a kan cewa doka ba ta duban fuska. Yanzu dokar ta zo ta tsaya a gabansa, kuma kamar yadda ya koya mata, ba ta dubi fuskarsa ba. Saura Asabar ɗaya.

Mutumin da ya shekara talatin yana sayar da magani ya san ba a rasa sunan cuta. Kyaftin ya jingine kekensa a bangon falo, ya zauna ya ƙura masa ido, bai tashi ba sai da ya gano ta. Wili ne, da'irar da taya ke zama a kai. Nasa na alminiyom ne, na sauran taran kuwa duk na kabon, abin nan marar nauyi mai tsada, baƙaƙe, masu ƙugi idan suna gudu. Bambancin nauyi tsakaninsu ya kai giram ɗari huɗu. Ya yi wa matarsa wannan bayani a kan tebur, yana cikin zuba abinci karo na biyu. Ta dubi farantin, ta dube shi daga wuya zuwa inda tebur ya tare, ta ce a hankali, giram ɗari huɗu kam ba wasa ba ne, Baban Yara. Irin matar nan ce mai faɗin gaskiya sau ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, wadda namiji ba ya sanin amfaninta sai ranar da gida ya yi tsit. Shi kuwa ya ɗauka goyon baya ne, ya ƙara miya.

Ya aika wa ƙungiya cewa kekensa yana wurin gyara, ya yi fashin Asabar biyu, ya duƙufa karatu a waya tsakanin mai neman maganin tari da mai neman na basir. Kafin mako ya zagayo ya zama malami. Ya gano wilin kabon kashi uku ne. Akwai na manyan kamfanoni, mai suna da manyan haruffa a jiki, wanda kuɗinsa zai sayi firji biyu da injin wanki, kuma rabin kuɗin na haruffan ne. Akwai marar suna da ake odarsa daga nesa, mai arahar da ke sa mutum ya yi murna da farko, daga baya ya fara tunanin haƙoransa na gaba. A ƙarƙashin hotonsa mutane sun rubuta yabo iri-iri, amma duk a makon da kaya ya iso suka rubuta, ba wanda ya dawo bayan shekara ya ce yana nan da rai. Sai kashi na uku, na tsakiya, wanda duk mai hankali ke saya: a samo bakin wili na kabon marar ado amma mai inganci, a kai wa gwani ya ɗaura shi da hannu. Gwani kuwa a garin ɗaya ne, kuma nan gizo ke saƙar.

Mai Sikeli ake ce mata. Ta yi tsere da ƙuruciyarta, yanzu ta haura hamsin, tana da ɗan siririn shago a bayan layin masu walda. Wili da yawa na rataye a rufi kamar an shanya su, wurin na warin giris da roba, ga benci ɗaya inda 'yan ƙungiya ke zama su ba juna labarin gudun da ba su yi ba. A tsakiyar shagon kuwa, inda duk mai shiga sai ya kewaye shi, akwai tsohon sikelin ƙarfe irin na awon buhu. Dokarta ɗaya ce: ba ta ɗaura wa kowa wili sai ya hau. Ta gaji da maza masu dawo mata da tsinkakkun wayoyin wili suna zagin titi. Ƙarar injinan maƙwabta ta taɓa mata kunne, don haka idan ta karanta lamba, har mai walda na uku yana ji. Sannan ta rubuta lambar da farin alli mai maiƙo a cikin wilin, inda taya za ta rufe.

Kyaftin kuwa kilo tamanin da huɗu ne. Haka ya rubuta a takardar ƙungiya ranar da aka kafa ta, haka yake faɗa duk shekara, har lambar ta zama masa kamar ranar haihuwa, abin da ba ya canzawa. Sikelin kemis ɗinsa ya taɓa yi masa rashin kunya ya nuna ɗari da shida. A ranar ya manna masa takarda cewa ya lalace, ya tura shi bayan kwalaye.

Ya je shagon da yammacin wata Alhamis, ya yi rashin sa'a ya tarar da 'yan ƙungiya biyu, Lauya da Likitan Haƙori, a benci. Bai fasa ba. Ya tsaya ya zuba mata karatun mako guda: yana son bakin wili mai zurfi, milimita sittin, saboda yanka iska, yana son nauyin wilin gaba da na baya kada ya wuce kaza, ya ambaci sunayen zaren kabon iri uku. Ita kuwa tana zaune gaban wani wili tana juya shi, tana ɗan taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya da farce tana sauraren amonsu. Da ya kai aya, ta nuna sikelin da haɓa.

"Hau."

"Tamanin da huɗu ne," in ji Kyaftin.

"Ba kai na tambaya ba. Shi na tambaya."

Lauya ya naɗe jaridarsa a hankali ya ɗora a gwiwa. Likitan Haƙori ya gyara zama. Kyaftin ya dubi sikelin, ya dubi mutanen nan biyu da ya sha yi wa wa'azi a kan rage ciki, sai ya ji bakinsa ya riga shi.

"Ai ba nawa ba ne. Ƙanena nake tambayar wa."

"To, kawo ƙanen," in ji ta, ta koma kan wayoyinta.

A hanyar gida ya gane cewa abin da ya faɗa don borin kunya, dabara ce babba. Yana da ƙane kuwa. Auta, malamin labarin ƙasa a wata sakandare da ke bayan tudun tanki, ɗan shekara arba'in da tara. Tsayinsu ɗaya, faɗi ne ya raba su. Tun suna yara kalmar da Auta ya fi iyawa ita ce "to, Yaya," kuma aure da 'ya'ya huɗu ba su ƙara masa wata ba. Kyaftin ya same shi a gida yana makin jarrabawa, ya tsara masa komai: zai hau sikeli, zai ce wilin nasa ne, zai nemi mai ƙarfi, sauran magana ya bar wa manya. Auta ya tambaya ko ba ƙarya ba ce wannan. Kyaftin ya ce ba ƙarya ba ce, wakilci ne. Auta ya ce to, Yaya.

Suka je ranar Talata da tsakar rana, lokacin da benci ba kowa. Auta ya cire takalmi ba tare da an ce ya cire ba, ya hau. Mai Sikeli ta tura ƙarfen awo baya, ta sake turawa baya, ta dube shi kamar tana neman inda sauran ya maƙale, sannan ta sanar wa layin masu walda cewa sittin da ɗaya ne.

Daga nan ta shiga tambaya, kuma a nan dabarar ta fara yoyo, domin Kyaftin ya koya wa ƙanensa abin da zai roƙa, bai koya masa abin da zai amsa ba. Ta tambayi nisan da yake yi. Ya ce kilomita goma sha biyar zuwa, goma sha biyar dawowa, kwana biyar a mako, shekara ashirin da biyu. Ta tambayi hanya. Ya ce ta tanki, babu wata. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Kullum kake hawan tanki?"

"Sau biyu. Ta wancan gefen ya fi tsayi."

"Da wane keke?"

Ya nuna waje. Ta fita ta dubi tsohon baƙin keken ƙarfe mai kariya a baya, an ɗaure littattafan ɗalibai arba'in da tsohuwar roba. Ta ɗaga shi da hannu biyu, ta ajiye, ta dubi ƙwaurin Auta na ɗan lokaci, ta dawo ciki. Ta tambaye shi yadda yake kama birki a gangare, ko yana matse shi ne tun daga sama har ƙasa. Ya ce a'a, yakan kama ya saki, don robar ta daɗe. Ta ce madalla, don kabon ba ya son zafi, masu jan birki tun daga sama su ke dafa wilinsu har ya kumbura. Kyaftin, wanda tsoron gangare ya sa yake matse birki tun daga inuwar tanki har gindin tudu, ya gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sani.

Ya yi ƙoƙarin sa baki. Ya ce a yi mai zurfin sittin. Ta ce mutum mai kilo sittin da ɗaya a kan baki mai zurfin sittin, iskar babbar mota ɗaya za ta kai shi gonar mutane. Talatin da biyar za ta sa. Ya ce to a ƙara wayoyi, ashirin da takwas gaba da baya, ko da yaron zai yi ƙiba nan gaba. Ta dubi yaron mai furfura a gemu ta ce wanda bai yi ƙiba a shekara arba'in da tara ba, ya makara. Ashirin a gaba, ashirin da huɗu a baya, ba za ta sa bawan Allah ya biya kuɗin ƙarfen da zai riƙa ja a banza ba. Ta nuna musu cibiyar wilin da za ta sa, marar suna, amma boris ɗinta, 'yan ƙwallayen ƙarfen da take juyawa a kansu, irin wanda ake samu a kowane shago ne, in ya ci a canza shi da kuɗin kofin shayi. Wayoyin ma na kowa da kowa ne, ba irin waɗanda in ɗaya ta tsinke sai an jira jirgi ba. Kyaftin ya tambaya ko wannan shi ne mafi araha da ƙarko. Ta ce wili ba shi da araha, ba shi da tsada, ba shi da ƙarko, sai an san wanda zai zauna a kai.

Sannan ta faɗi iyakar abin da wilin zai ɗauka: tamanin da biyar. Ta ƙara wasu kalmomi a baya, amma Kyaftin bai ji su ba, don tuni murna ta toshe masa kunne. Tamanin da biyar. Har da rarar kilo ɗaya. Ya ji kamar an yi masa awon riga ba tare da an taɓa shi ba, ta kuma fito daidai. Ya biya ba ciniki, abin da bai taɓa yi wa ko mai lemo ba.

Ashe da sauran sharaɗi. Sai an kawo keken da za a ɗaura wa wilin, don ta canza robar birki zuwa irin ta kabon, ta daidaita giya. Kyaftin ya kawo nasa ya ce aro ya ba ƙanen. Kuma sabon wili, in ji ta, sai mai shi ya yi kilomita ɗari a kai, wayoyi su zauna, ya dawo ta sake ɗaure su, kafin ta sa hannu a garanti. Kyaftin ya so ya yi kilomita ɗarin da kansa a ɓoye, amma garin ƙarami ne, 'yan ƙungiya kuma suna da ido. Don haka Auta ya jingine keken ƙarfensa a bayan kemis tsakanin kwalayen ruwan ciwo, ya yi mako guda yana zuwa makaranta a kan keken yayansa, littattafai a jakar goyo.

A makon nan Auta ya yi maganar da bai yi ba a shekara goma. Kullum da yamma sai ya biyo ta kemis, fuska na ƙyalli, ya ce Yaya, tudun nan fa kamar an rage masa tsawo. Ran Laraba ya ce ya isa makaranta kafin mai gadi ya buɗe ƙofa. Ran Alhamis ya ce ya wuce wani mai babur a tsakiyar hawa, har ya ji kunya ya gaishe shi. Kyaftin yana jin wannan duka yana murmushi, yana lissafa wa kansa. In wili ya yi wa malamin makaranta haka, ina ga Kyaftin.

Ran Juma'a Lauya ya bugo waya, ya gaishe shi da iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi jikin keke, sannan ya ce ba don komai ba, ya ga ya kamata ya tuna masa doka ta biyar: fashin Asabar uku a jere daidai yake da zuwa na ƙarshe. Kyaftin ya tuna. Saboda wani ma'aikacin banki mai yawan ciwon ciki ranar Asabar ya rubuta ta. Ya ce gobe yana nan, kuma su zo da ƙafafunsu na gaske.

Gari ya waye da sanyi-sanyi, ba iska. Kafin bakwai ƙofar kemis ta cika: 'yan gaba tara suna duba agogon hannu, 'yan rakiya a gefe suna raba ayaba. Kyaftin ya fito cikin rigar ƙungiya, wadda zif ɗinta ke aikin da ya fi albashinsa. An shirya Auta zai kawo keken, ya ɗauki nasa ya koma gida. Ya kawo kuwa, a kan lokaci. Abin da ba a shirya ba shi ne 'yar tsohuwar motar da ta biyo shi a baya ta tsaya, Mai Sikeli ta fito tana goge hannu da tsumma. Jiya da ta gama ɗaure wayoyin ta tambayi Auta yaushe wilin zai fara aikin gaske, shi kuwa da ba a koya masa amsar wannan ba, ya ce gobe da ƙungiya. Ta ce tana so ta ji kukansa a hawa.

Kyaftin ya yi kamar bai gan ta ba. Ya karɓi keken, ya yaba wilin da babbar murya, ya ɗaga ƙafa ya haye, ya sauke kansa a sirdi. Wilin baya ya ce ƙis. Ya sake cewa ƙis, ƙis, kamar ana karya tsinken ashana a ɗaki na gaba. Matar da ba ta jin gaisuwa sai an ɗaga murya ta juyo tun ƙis na farko.

"Sauka mini daga kan wili."

Hirar ayaba ta tsaya. Kyaftin ya yi dariya ya ce ai ita da bakinta ta ce tamanin da biyar, shi kuwa tamanin da huɗu ne, kowa a nan shaida ne, a rubuce yake.

"Tamanin da biyar da keke, da ruwa, da takalmi, da hular kwano. Na faɗa a gabanka. Keken nan kaɗai bakwai da rabi ne. Ko ƙaryar taka ta yi wa wilin nauyi, balle kai."

Likitan Haƙori ya sami wani abu a feda ɗinsa da ke buƙatar dubawa da gaggawa. Lauya ya cire tabarau ya shiga gogewa. Kyaftin ya sauko, don ba yadda za a yi mutum ya ci gaba da zama a kan abin da ke ƙara a ƙarƙashinsa alhali mutum ashirin na saurare.

Ita kuwa ba muguwa ba ce, aiki kawai ta sani. Ta buɗe bayan motar ta nuna masa wili biyu na aro da take yawo da su, kabon ne su ma, masu waya ashirin da takwas, suna ɗaukar har ɗari da ashirin. Ta ce minti biyar ya ishe ta ta ɗaura masa, ya yi hawansa, in sun yi masa ta ɗaura masa irinsu, kuɗin bai fi na wancan ba. Sikeli yana shago, don haka yau za ta yarda da bakinsa. Abu ɗaya take so, ya faɗa mata lambar gaskiya, don ta san iskar da za ta ba tayar. In ta ba da ta mai tamanin da huɗu, ramin farko zai fasa masa wili.

Ta tsaya da famfo a hannu tana jira. Kyaftin ya san abin da ke gabansa sarai. Ya huta Asabar biyu, ƙafafunsa sun yi sauƙi, Likitan Haƙori kuma yana fama da mura. Da keken kirki a ƙarƙashinsa, ba mamaki ya tsira da na tara. Kalma uku ce kawai, ɗari da shida, kuma dole ya faɗe su da ƙarfi yadda za ta ji. Ya dubi 'yan gaba. Ya dubi 'yan rakiya, shida daga cikinsu da jawabinsa a kunnensu har yau. Ba wanda a wurin bai san girman cikinsa ba, shekara da shekaru suna bin bayansa suna kallo. Lambar ce kawai ba su taɓa ji daga bakinsa ba.

"Kin yi mini gurguwar fahimta," in ji Kyaftin. "Sirdin nake gwada masa. Keken na Auta ne, na ba shi. Yau zai fara fita da mu."

"Yaya?" in ji Auta.

"Hau mana. Kana tsayar da mutane."

"To, Yaya."

Lauya ya ce wannan kyauta ta isa a yi wa Kyaftin tafi, aka kuwa yi, tafi mai tsawo fiye da buƙata. Sannan ya tambaya, cikin ladabin nan nasa, ko Kyaftin da me zai fita, tunda doka ta biyar tana nan. Kyaftin ya shiga kemis, aka ji kwalaye na faɗuwa, ya fito yana tura baƙin keken ƙarfe mai kariya. Ya ce wanda ya iya, ya iya, ko a kan me.

Ya riƙe su har gidan mai na biyu, wannan kam a ba shi. Daga nan ayarin ya fara yi masa nisa a hankali, ba da wulaƙanci ba, kamar yadda jirgin ƙasa ke barin tasha. Kafin gindin tudu ba ya ganin komai sai ɗigon riguna, da wani siriri cikin wandon makaranta da aka cusa a safa, yana tsakiyarsu, sannan yana gefensu, sannan yana gabansu. Daga baya aka ce Auta na biyu ya zo, kuma wai ya tsaya ne ya bar Lauya ya wuce don ya girme shi.

A tsakiyar hawa 'yan rakiya suka cim ma Kyaftin. Ya ji su tun daga nesa, don su suna da numfashin yin hira. Ba su wuce shi ba. Suka buɗe suka sa shi a tsakiya kamar an daɗe ana ajiye masa wurin. Shugabansu, wani tsohon direban jirgin ƙasa da Kyaftin ya sallama shekara huɗu da suka wuce da jawabi mai tsawo, ya matso kusa da shi, ya yi masa sannu da zuwa, ya tambayi iyali. Ya ce su a nan ba su da dokoki a rubuce, sai 'yar al'ada ɗaya: sabon shiga ne ke ɗaukar jakar gyara. Ya ciro ta daga kafaɗa, famfo da tib ɗin taya huɗu da sifana da ragowar ayaba, ya ce an yi dace ma, keken Kyaftin na da kariya.

Suka tsaya aka ɗaure masa jakar da robar littattafan Auta. Kyaftin ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga ba wanda ya tambaya, ya rufe. Ya sake hawa. Keken ƙarfen ya karɓe shi da jakar da ayabar gaba ɗaya, waya talatin da shida gaba da baya, ko ƙis bai ce ba. Saura rabin tudu, kuma wata mata mai ciwon gwiwa a gefensa tana tambaya ko kemis ɗinsa na da man zafin nan mai araha.